Daga Anka Zuwa Gummi A Kan Dokin Ƙarfe

Akwai wata al'ada a ƙasashen Turai wadda Bahaushen ƙauye zai riƙe baki idan aka ba shi labarinta. Mutum yana da mota a ƙofar gida, yana da kuɗin mai, ba kuma wanda ya aike shi, amma sai ya ɗauki keke ya nufi inda ƙasa ta fi tudu da gangare, ya wuni yana tuƙi yana haɗa gumi, don kawai ya ba idonsa abinci da duwatsu da tafkuna. Har littattafai da taswirori suke bugawa na irin waɗannan hanyoyi, a nuna wa mahayi inda hawa ya yi tsanani, da inda zai sami ruwan sha, da inda zai ya da zango. Babbar gasar keke ta Faransa, wadda aka fara tun 1903, a cikin duwatsu ne ake sanin gwaninta. A ƙasar Hausa kuwa keke abin neman abinci ne ga magidanci, ba ya hawansa sai da dalili. Duk da haka, da za a zana irin waccan taswira ga yammacin Jihar Zamfara, hanyar da za a fara ja wa layi ita ce wadda ta tashi daga Anka, ta ratsa ƙasar Bukkuyum, ta dire Gummi.

Mai fitowa daga Gusau yakan bi titin Sakkwato har Mayanci, garin da Turawan kamfanin auduga suka kafa injin gurza tun zamanin mulkin mallaka, sa'an nan ya karya kwana ya yi kudu maso yamma, ya wuce Jangebe, ya iso Anka, mazaunin Sarkin Zamfara. Tun sa'ad da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 sarautar Zamfarawa ta yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, ba ta sami matabbata ba sai a Anka a farkon ƙarni na 19. Daga nan zuwa Gummi tafiyar ta haura kilomita 90. Mota takan cinye ta kafin fasinja ya gama gyangyaɗi, amma ga mai keke aikin wuni guda ne cur, watau ya yi sallar asuba a Anka, in Allah Ya kiyaye taya ya yi magariba a Gummi.

Mai mota ba ya sanin siffar ƙasa, domin inji ne yake ɗaukar masa wahalarta. Mai keke kuwa cinyarsa ce ma'auni, kowane ɗan tudu sai ya biya shi da numfashi. Masana ilmin duwatsu sun nuna cewa ƙasar Anka tana zaune ne a kan wasu daɗaɗɗun duwatsu waɗanda suka jeru layi-layi daga arewa zuwa kudu, a cikinsu kuma akwai jijiyoyin farar ƙanƙara masu ɗauke da zinariya. Tun da yake hanya yamma ta nufa, tilas ne ta riƙa keta waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka farkon tafiyar hawa ne da sauka, a hau a miƙe tsaye bisa feda ana nishi, a gangara ana dafe da birki iska tana kaɗa riga. Jar ƙasa ce mai marmara da tsakuwa, ga kaɗanya da ɗorawa da marke warwatse cikin gonakin dawa da auduga, can nesa kuma ga tsaunuka sun yi shuɗi-shuɗi. Sannu a hankali duwatsun sukan ja da baya. Kafin a kai Ɗaki Takwas, mararrabar da hanyar Zuru ta ɓalle ta yi kudu, ƙasa ta riga ta kwanta, rairayi da laka sun maye gurbin tsakuwa, kwarin Gulbin Zamfara kuma ya buɗe ya zama fadama mai faɗi.

Wannan gulbi shi ne abokin tafiyar mahayi, ko da ba koyaushe yake ganinsa ba. Ya bi ta kusa da Anka, ya ratsa ƙasar Bukkuyum, ya wuce Gummi da Jega kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato a Jihar Kebbi. Tun da ruwa yamma yake gangarawa, mai zuwa Gummi yana da ɗan rangwame a kan mai dawowa. Da hunturu kuma rangwamen yakan zama biyu, don iskar tana busowa ne daga arewa maso gabas, sai ta riƙa tura shi ta baya kamar yaro mai koya wa ƙanensa keke. Ranar komawa ne zai biya bashin, ƙura a ido, iska a ƙirji, leɓe a tsage. Da damina iska takan juya ta taso daga kudu maso yamma, lissafin ya birkice. Tsofaffin mahaya ba a makaranta suka koyi wannan ba, amma da wuya a ga ɗayansu ya ɗaura kaya masu nauyi ya fuskanci gabas da hantsin watan Janairu.

Maganar tafkuna kuwa, kada mai karatu ya sa ran irin waɗanda ake gani a hotunan kalanda. Manyan ruwayen Zamfara suna gefe da wannan hanya: tafkin Natu a ƙasar Bakura, da Kalale na Dangulbi wanda ya yi suna da dorina, da kuma madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Tafkunan da mai keke zai ci karo da su tsakanin Bukkuyum da Gummi na wucin gadi ne, gulbi ne yake haifarsu. Idan ya cika ya yi ambaliya a watan Agusta ya malale fadama, to sa'ad da ya koma makwancinsa sai ya bar ruwa kwance a cikin tsofaffin hanyoyinsa da ƙananan kwaruruka. Waɗansu sukan ƙafe kafin ƙarshen kaka, waɗansu sukan kai bazara. A bakinsu ake samun rayuwar rani gaba ɗaya: bado ya rufe fuskar ruwa, balbela da kirinjijiya suna kiwo, masunta suna jefa birgi, Fulani sun kawo shanu mashaya, masu lambu suna ban ruwa ga albasa da tattasai, shinkafa kuwa an riga an kai ta gida. Wanda ya iso irin wannan wuri da la'asar sakaliya bayan ya sha tudun Anka, ya jingine kekensa a gindin giginya ya yi alwala, ba ya bukatar a ba shi labarin wani tafki na Turai.

Shekaru da yawa keke ne sarkin wannan hanya, in aka ɗebe motar kasuwa da jaki. Malamin makaranta da malamin gona da malamin tsabta da ma'aikacin da yake kai takardar hakimi, dukansu a kansa suke aiki. Ɗan koli yakan ɗaure akwatinsa a kariya ya bi kasuwannin mako ɗaya bayan ɗaya, mai kifi ya ɗauko banda daga bakin gulbi ya haura da ita tudu, ya komo da gishiri da kananzir. A zamanin En'e har lasisi ake yankar wa keke, a liƙa masa 'yar lamba ta ƙarfe, wanda ba shi da ita kuma ya haɗu da ɗan doka. Raleigh ne babba a cikin kekuna, har masana'anta aka kafa masa a Kano, sa'an nan ga Hercules, daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya zo da sauƙin kuɗi ya cika gari. Saurayin da ya sayar da gyaɗa ko auduga ya sayi sabon keke yakan naɗe masa jiki da roba mai launi don kada fenti ya kwaile, ya sa madubi biyu da fitila da ƙararrawa, ranar kasuwa ya sha farar riga ya je zance. Yaran gari kuma wurin mai haya suke koyo, a biya kuɗin minti kaɗan, a zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya domin ba a kai sirdi ba tukuna.

Kowace mararraba da kowace inuwar tsamiya ta bakin kasuwa tana da mai facinta, da kwanon ruwansa na neman huji, da famfo, da guntayen tsohuwar roba. Sana'arsa ba ta mutuwa, don ƙaya da tsidau ba su san keken mai kuɗi ba. Wurin mai faci kuwa majalisa ce. A nan matafiyi yake jin ko gulbi ya kawo, ko wace kasuwa ce hatsi ya faɗi, ko wane gari aka yi rasuwa.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, wanda aka tura wani ƙauye na kudancin gulbi a shekarar da aka buɗe shirin ilmi kyauta, 1976. Kowane ƙarshen wata yakan hau kekensa ya je karɓar albashi ya komo, tafiyar da takan ci masa wuni. Abin da ya fi tunawa da shi yanzu shi ne yawan sauka. Ladabin ƙasar bai yarda yaro ya wuce dattawa yana bisa sirdi ba, sai ya sauko ya ja keken da hannu, ya rusuna ya gaishe su. Wani tsoho da yake zama a gindin kuka a bakin wani ƙauye kullum sai ya tare shi.

"Malam, ina za ka da wagga rana?"

"Baba, Gummi za ni, amsar albashi."

"To sabko ka sha ruwa. Hanya ba gudu takai ba."

Sai a kawo masa fura a ƙwarya, a tambayi lafiyar 'yan makaranta, wani lokaci a ba shi wasiƙa ya karanta, ko a ɗora masa saƙo zuwa gari na gaba. Bai taɓa sanin sunan tsohon na yanka ba, shi ma tsohon Malam kawai ya sani. In dare ya yi masa a hanya, zauren mai gari a buɗe yake. Abin da yake tsoro a wancan zamani bai wuce uku ba: faci a tsakiyar daji, da kare, da hadarin da zai taso kafin ya ƙetare rafi.

Ƙauyukan ƙasar Bukkuyum, ƙasar Sarkin Danko, da yawansu ba a bakin titi suke ba. Daga Nasarawar Burkullu ko Masama ko Zugu, mai shiga ciki sai ya bi burtali da 'yar siririyar hanyar ƙafa, inda keke ya fi mota daraja nesa ba kusa ba. In ya tarar da yashi ya sauka ya tura, in ya tarar da rafi ya saɓa keken a kafaɗa ya tsallaka, in gulbi ne ya cika a kwantar da shi a cikin kwalekwale a biya masa kuɗin fito kamar mutum. Ba inda ƙafa za ta shiga keke ya kasa bin ta.

Babur ne ya tuɓe shi daga sarauta. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya sa ma'aikata da yawa suka jingine kekunansu suka sayi Honda da Suzuki, amma talakan ƙauye bai kai ga babur ba sai da masu araha na Sin da Indiya suka shigo, wajen ƙarshen ƙarnin da ya wuce da farkon wannan. Ba mai musun alherinsa. Mace mai naƙuda da a da sai a ɗauke ta a kan amalanke, yanzu cikin sa'a guda an kai ta asibiti. Sai dai babur ya gajarta daji, abin da kuma ya gajarta wa mai alheri shi ya gajarta wa mai sharri.

Zinariya ce ta fara nuna haka. Da farashinta ya tashi a kasuwannin duniya bayan 2008, manoman Anka da Bukkuyum suka koma ga jijiyoyin nan na cikin duwatsu. Aka riƙa ɗauko dutsen buhu-buhu daga ramuka ana kawowa cikin gari, ana farfasa shi a tsakar gida, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi, ba tare da an san cewa yana cike da dalma ba. Ƙurar ta sauka a ɗaki da tsakar gida inda jarirai suke rarrafe. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yadda yara suke mutuwa da jijjiga a ƙauyukan yankin, bincike kuma ya tabbatar da gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu a Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Daji da Sunke da makwabtansu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa ba a kai ga share ta ba sai 2013. Tsaunukan da mai keke yake hange yana sha'awa, ashe abin da yake cikinsu ke nan.

Bayan guba sai bindiga. 'Yan fashin daji da suka addabi Zamfara a kan babur suke zuwa, biyu-biyu ko uku-uku, ayari guda, su afka wa gari su koma daji kafin taimako ya iso. A watan Fabrairu na 2021 suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe, a kan wannan hanya da aka ambata. A farkon Janairu na 2022 suka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum kwana uku suna kisa. Hukuma ta ce mutum 58, mazauna wurin suka ce sun kusa 200. Dubban mutane suka gudo Anka, har filin ginin sabuwar fadar sarki ya zama sansanin masu gudun hijira. Matakan da gwamnati ta ɗauka su ma kan hanya da babur suka faɗa. An hana haƙar ma'adinai a jihar daga Afrilu na 2019 har zuwa Disamba na 2024. A Satumba na 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka da hawan babur da dare. A Oktoba na 2022 kuma aka kulle ƙananan hukumomin nan uku na ɗan lokaci, aka rufe hanyar Mayanci zuwa Ɗaki Takwas zuwa Gummi, da wadda ta nufi Zuru.

A cikin irin wannan hali ba wanda ya kai mai keke rauni. Direban mota yana iya take wuta ya wuce, mai babur yana iya juyawa ya yanki daji, mai tafiya a ƙasa ma yana iya faɗawa cikin dawa ya ɓuya. Mai keke ba shi da saurin tserewa, ga shi kuma riƙe da abin da zuciyarsa ba ta son ya yar. Duk tafiyarsa a kan amana take: amanar cewa wanda zai haɗu da shi a kwana gaisuwa zai yi masa, amanar cewa in taya ta sace akwai mai faci a gaba kuma yana nan bai gudu ba, amanar cewa ƙauyen da zai nemi ruwa akwai mutane a cikinsa. Rahoton hukuma yana iya cewa an sami sauƙi, ayarin motoci da rakiyar soja yana iya wucewa lafiya a ɗauki hoto, amma duk wannan bai kai shaidar a ga dattijo shi kaɗai da buhun gero a kariya, tsakanin Anka da Bagega, yana tuƙi ba ya waiwaye ba.

Ƙasar Ruwanda ta isa misali a nan. Ƙasa ce ta tuddai da tafkuna, ta kuma ga kisan ƙare dangi a 1994 wanda ya fi ƙarfin kwatance. Amma a watan Satumba na 2025 a babban birninta Kigali aka yi gasar keke ta duniya, karo na farko a nahiyar Afirka, baƙi kuma suna zuwa daga nesa don su bi hanyoyin gefen Tafkin Kivu a kan keke. Tuddan Anka ba su kai nasu tsawo ba, ba kuma wanda yake roƙon a kawo gasa Bukkuyum. Bukatar mutanen wurin ba ta wuce a bar su su kai kasuwar mako su komo ba.

Abin mamaki shi ne keken ya dawo, ta ƙofar da ba a zata ba. Da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayu na 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Magidanta da yawa suka jingine babur suka shiga ɗakin shirgi suka jawo tsohon Phoenix, aka kakkaɓe ƙura, aka sa wa sarƙa baƙin mai, masu faci suka sake samun ciniki. Tsohon malamin nan ma nasa yana nan, jikansa ne yake hawa zuwa makaranta. Sai dai da'irar ta tsuke. Keken da a da yake haɗa Anka da Gummi a wuni guda, yanzu iyakarsa gona ta kusa da gari, da masallaci, da kasuwa, da gidan suna. Kowane gari yana da wani wuri, wata gada ko wata kuka ko wani kwana, wanda kowa ya san ba a wuce shi in ba tilas ba. Gonakin da suke bayan wannan iyaka waɗansu sun koma saura, waɗansu kuma ba a noma su ko a girbe sai an biya 'yan bindiga kuɗin da suka yanka wa gari.

Gummi, ƙarshen hanyar, gari ne na malamai da manoman fadama, mazaunin Sarkin Mafara, mahaifar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa ya kuma karɓi lambar Sarki Faisal a 1987. Gulbin da yake ciyar da garin shi ne kuma yake cinsa wani lokaci. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta rushe gidaje ta raba dubban mutane da muhallinsu, a watan Satumba na shekarar kuma kwalekwale ya kife da manoma masu ƙetarawa zuwa gonakinsu, mutane da dama suka halaka. Duk da haka kowace safiya ana samun masu kekuna a bakin mashigi, fartanya ɗaure a sandar tsakiya, gorar ruwa tana reto a kai, suna jiran mai fito. Sukan ƙetare su yi aikin da za su iya, suna yi suna duban rana, da ta karkata kuma su ɗaura abin da suka samu a kariya su kamo hanyar gari tun ba a kira la'asar ba.